Makullin Auta

Idan ka bi layin masu gyara, ka wuce mai ɗinkin takalma, kafin ka kai shagon Mai Hoto za ka ga wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki faɗi ba, makullai na reto a jikin waya kamar an shanya su. Nan ne wurin Mai Makulli. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, ko matarsa in ranta ya ɓaci da wannan take kiransa. Gajere ne, mai tabarau ɗaure da zare, magagari ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Ya yanka makulli, ya gyara sakata, ya buɗe kwaɗon da mai shi ya zubar da makullinsa a kasuwa, a kan wannan sana'a ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya.

Mutum ne mai raha, kada ka ji an ce mai kulle ka zaci mai ɗaure fuska. In mace ta zo a guje ta ce ta rufe kanta a waje ga tukunya a kan wuta, sai ya ɗauki jakarsa yana cewa, “Kwantar da hankalinki, ƙofa ba ta taɓa yi mini gardama ba, matata ce kawai.” Amma fa kowane gwani da tasa cutar. Tasa ita ce bai yarda kulle ɗaya ya isa ba. Ƙofar gidansa kuba huɗu gare ta, jere daga sama har ƙasa. Akwatin rediyo kwaɗo, kejin kaji kwaɗo, har gwangwanin sukari sai da Inna, matarsa, ta rantse za ta tafi gidansu sannan ya ƙyale shi. Kullum maganarsa ita ce, “Kuba ɗaya ai sannu da zuwa ce ga ɓarawo.”

Yana da wata ɗabi'a da 'ya'yansa. Duk wanda ya girma zai bar gida, sai ya zauna ya yanka masa makullin babbar kubar, ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya damƙa masa a hannu. Sauran ukun kuwa makullansu na ƙugunsa, ba ya ba kowa. Yaran kan yi dariya su ce makullin Baba ado ne, ka buɗe ɗaya ka tsaya kana ƙwanƙwasa uku. Duk da haka ba wanda ya taɓa yar da nasa, don sun san abin da tsohon yake faɗa da shi: gidan nan naka ne.

Auta ce kaɗai ba ta samu ba. Ita ce 'yar lelensa, wadda ta tashi a gindin tebur ɗinsa tana wasa da ɓaragutsan ƙarfe. Ta yi karatun jinya, ta yi aure, sai ita da mijinta suka sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Mai Makulli ya ce atafau. “Asibitin nan marasa lafiya sun ƙare ne?” Ranar tafiyarta ya yi sammako ya tafi shago, bai raka ta ko bakin titi ba. Tun daga nan gaisuwarsu a waya ba ta wuce, “Lafiya? Lafiya. Ga innarki.” Wallahi yana kewarta kamar ransa zai fita, amma girman kai ya hana bakinsa buɗewa.

Da Auta ta sami ciki, sai ta aiko musu da kwamfuta mai ƙaton allo. Ta san daga shi har Inna ƙananan wayoyi masu maɓalli suke riƙewa, kuma idonsa ya yi rauni. Ta ce in ta sauka lafiya tana so su ga jaririn ido da ido. Babban yayanta ya zo ya haɗa komai a falo, ya ja intanet, ya saka manhajar kiran bidiyo, ya nuna wa Inna inda ake dannawa, ya koma garin da yake aiki. Mai Makulli ya yi kamar bai gani ba. Sai dai Inna ta sha kama shi yana goge ƙurar allon da hannun rigarsa.

Ana nan sai wani akawu ya kawo gyaran kwaɗon jaka, yana ta ƙorafi wai bairos ya shiga kwamfutarsa ya cinye masa aikin shekara.

“Wane ne kuma bairos?” in ji Mai Makulli.

“Ɓarawo ne, Baba, amma ba shi da ƙafa. Ta intanet yake shigowa.”

“Kana nufin wayar nan da aka ja mini har cikin falo, ƙofa ce?”

“Ƙofa ce mana, wagege.”

Innalillahi! Mutumin da ya kulle kaji, ashe akwai ƙofa a buɗe a tsakiyar falonsa. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Washegari ya naɗe akwatin kwamfutar a zanin gado, ya ɗora a kafaɗa sai shagon masu sayar da kayan kwamfuta. Mai shagon ya nuna masa antibairos iri biyu, wato manhajar da ke farautar bairos. Ya tambaya wanne ya fi ƙarfi, aka ce kowanne da kyaunsa, ya ce to a zuba duka.

“Baba, ɗaya ake sawa. Ita kanta kwamfutar ta zo da nata.”

Mai Makulli ya sauke tabarau ya dube shi sama da ƙasa. “Ni za ka koya wa kulle? Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki.”

Mai shagon ya saka ɗaya ya ƙi saka na biyun. Tsohon bai ja magana ba, ya tsallaka shagon gaba aka saka masa. Can ne ma ya ji labarin fayawol, katangar da ke tsare abin da zai shiga kwamfuta da wanda zai fita. Ai kuwa kamar an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce a ɗaga ta har ƙarshe, ba shiga ba fita sai da izininsa. Aka nuna masa: in wani abu ya ƙwanƙwasa, ɗan akwatin rubutu zai fito, kore na nufin buɗe, ja na nufin hana. Rubutun da Turanci ne, shi kuwa Turancinsa bai wuce na jikin kwalin kwaɗo ba, amma ya ce launi ya ishe shi. Da ya dawo gida ya kunna, sai ga wani kuma ya faɗo allo da kansa, jajir, yana ƙara yana walƙiya wai kwamfutar cike take da bairos. Mai Makulli ya ce, “Madalla da mai gadi mai ƙwazo,” ya danna ya shigo da shi. Da wanda ya zo da kwamfutar suka cika huɗu, daidai da ƙofar gida, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi.

Kwamfuta dai tun daga ranar ta koma hawainiya. Ka kunna ta, ka je ka yi wanka, ka dawo tana nishi.

Sai ga albishir: Auta ta sauka, an sami ɗa namiji. Mijinta ya bugo waya ya ce da la'asar za su kira a ga yaro. Inna ta ci ado kamar mai zuwa biki, tana can baya tana gyara ɗaurin ɗankwali. Shi kuma ya zauna gaban allo wai don ya ga ko injin na aiki ne kawai. Ɗan akwatin rubutu ya fito. Baƙon suna ne, bai san shi ba. A sana'arsa kuwa doka ɗaya ce, wanda ba ka sani ba ba ka buɗe masa. Ya danna ja. Suka zauna jira har rana ta faɗi, shiru. Washegari ma haka, akwati ya fito, ja. Ya riƙa cika baki ma a shago wai kullum da la'asar akwai wani ɓarawo mai naci da ke zuwa, shi kuma yana korarsa.

Ranar da abin ya fashe, Inna ce ta shigo da waya a hannu, ido ya yi ja.

“Mai Makulli!”

Jin wannan suna a bakinta ya san ba lafiya.

“Yanzu na gama da yarinyar nan, kuka take kamar ranta zai fita. Ta ce kullum tana kira ba ya shiga, sabuwar kwamfuta, yayanta ya rantse ya bar komai daidai. Ta ce in kai ne ba ka son ganinta, a faɗa mata gaskiya ta haƙura, ba za ta sake damun ka ba. Me ka yi wa abin nan?”

“Ni? Kulle shi kawai na yi.”

“Da la'asar take kira.”

Da la'asar. Mai Makulli ya tuna akwatin rubutun da yake danna wa ja. Ashe ɓarawon nan mai naci da yake ta alfaharin kora, 'yarsa ce ɗauke da jikansa.

Mutum ɗaya ya sani da zai iya warware wannan, kuma shi ne wanda bai so ya sani ba: Mai Hoto, maƙwabcinsa na shago, abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi. Shekara da shekaru yana yi masa dariya saboda ɗan kwaɗo guda da yake rufe shagonsa da shi. Amma Mai Hoto da kwamfuta yake wanke hotuna, ya san hannunta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tsohon ya sa takalmi ya tafi.

Mai Hoto ya zo, ya zauna, ya leƙa ciki. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba.

“Huɗu! Mutumina, huɗu! Kai ko kaza aka ba ka sai ka sa wa ƙwanta kwaɗo.”

“Ka gama dariyar ka gyara, jikana nake son gani.”

“To saurara. Waɗannan ba irin kubarka ba ne da ke zaune shiru kusa da 'yar'uwarta. Masu gadi ne, kowa da sandarsa. Ka zuba su a ƙofa ɗaya ba su san juna ba, kowanne ya ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo. Tun da ka kawo su kokawa suke, shi ya sa injin ke nishi. Wannan jan kuma da ya kawo kansa yana ihu, shi ne ɓarawon. Mai gadin kirki ba ya faɗo maka ta taga.”

Mai Makulli ya dafe kai. “Ni da hannuna na shigo da shi.”

“Har da sannu da zuwa.”

Aka fara da fitar da jan, ya yi taurin kai kafin ya fita. Saura uku, Mai Hoto ya ce a zaɓi ɗaya. Nan fa tsohon ya gyara zama, don zaɓen kulle fagensa ne. Wa ya ƙera shi, an san gidansu? An sani. Daga hannunsu ya fito ko kwaikwayo ne? Yana da nauyi a kan injin? In ɓarayi suka sake dabara fa? Mai Hoto ya ce yawwa, nan ne maganar take, wanda ake sabunta shi kullum shi ne mai amfani, in aka bar shi ya tsufa sunansa gunki. Suka tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗanda ya sayo, suka sallami ɗayan, wanda ya zo da kwamfutar kuma ya ja gefe da kansa. Nan take injin ya daina nishi.

“Katangar fa? Rushe ta za ka yi?”

“A'a, katanga na nan. Gida ba katanga ai kango ne. Zan sauke ta daidai misali, ta riƙa tare baƙi da kanta. Zan kuma goge hanin da ka yi wa manhajar kiran. In ta sake ƙwanƙwasawa za a tambaye ka sau ɗaya, kai za ka amsa, ba ni ba.”

La'asar ta yi. Inna ta bugo wa Auta ta lallashe ta ta ƙara gwadawa. Akwatin rubutu ya fito. Kai, sabo mugun abu ne, hannun Mai Makulli da kansa ya nufi ja, sai da Inna ta buga masa mafici a wuyan hannu. Ya ja numfashi, ya danna kore.

Ga Auta ta cika allo, ta ɗan rame, idanu a kumbure, ga wani ɗan mutum a ƙirjinta ya dunƙule hannu yana hamma.

“Baba,” in ji ta. “Na zaci ba ka son ganina.”

Ya tura hannu cikin aljihun da magagari yake, ya zaro wani makulli ɗaure da jan zare, ya sha guga har ya yi santsi. Ya ɗaga shi gaban allo.

“Ranar da kika tafi, abin da na je yi shago ke nan. Na dawo na tarar motarku ta tashi.”

Auta ta rufe baki da hannu, kuka da dariya suka haɗe mata. Inna na share ido da gefen mayafi, Mai Hoto kuwa ya ga ya kamata ya duba wani abu a tsakar gida. Tsohon ya matso har hancinsa na taɓa allo yana kallon yaron. “Kun ga yadda ya damƙe hannu? Wannan ba zai yar da makulli ba.”

“Baba,” in ji Auta tana goge hawaye, “ai ko na zo da shi, kuba ɗaya zai buɗe. Sai na tsaya ina ƙwanƙwasa uku.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Washegari da hantsi Inna tana shara ta ji ƙarar sukuddireba a bakin ƙofa. Ta leƙo. Mai Makulli na tsugune, tabarau a kan hanci, kuba biyu a ƙasa kusa da ƙafarsa, yana kwance ta ukun. Babbar kaɗai ya bari, ya ma ɗiga mata mai.

“Malam, lafiya? Ɓarayin fa?”

Bai ɗago ba. “Kubar nan ni na ɗaura ta, ta ishe su. Yarinyar nan in ta zo da goyo, ba za ta tsaya a waje ba.”