Takardun da Na Ƙunshe Gujiya da Su

Jiya wurin mai shayi, talabijin na nuna wani tsohon fim, sai na ji kiɗan wana, marigayi. Shi ya tsara shi.

Idan ya zo hutu daga Yamai, bakin rijiya yake zama yana sauraren kukan igiyar guga da luguden mata, yana ɗiga baƙaƙen ɗigo bisa takarda mai layi biyar. Ni da ban wuce aji huɗu a lakwal ba, wasan banza na ɗauke shi.

Wata ranar kasuwar Dakoro na yagi littafin kiɗan nasa na ƙunsa wa mutane gujiya. Ya iske ni. Ya ɗauki takarda guda, duk mai ya ɓata ta, ya shimfiɗa bisa gwiwa, ya rera a hankali.

Ya ce, "Ƙanena, rijiyar garinmu Roumbou ce ka saida."

Dariya na yi. Bai sake rubuta wannan kiɗan ba, ni kuma ban roƙi gafara ba.

Takarda tara suka rage a akwatina. Ran Juma'a zan kai su Maraɗi, kuma ba zan dawo ba sai na samu mai karanta su ya kaɗa mini.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya ara mini kwana in ji sauran rijiyar.