Mai Dam da Lambun Auta

Mai Dam ake ce masa, amma ko cokali ɗaya na ruwan nan ba nasa ba ne. Dam ɗin na mai gonar shanu ne, mutumin birni, wanda sai an kwana biyu yake leƙowa. Shi dai tsaro ne aikinsa, kuma tun yana saurayi yake kansa. Da shi aka tayar da jingar, wato bangon ƙasar da ya tare ruwan. Ya ɗauki jar ƙasa a kwando har tsakar kansa ta yi sanƙo, ya bi motar daddanna ƙasa yana yayyafa ruwa. Da aka gama ma'aikata suka watse, shi ya zauna. Aka ba shi ɗaki biyu a kan tudu, a nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi.

Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Kullum da safe zai ɗauki sanda da farar kwalba ya bi saman jingar daga wannan baki zuwa wancan. Yana duba tsagewa, yana zungurar ramin gafiya, yana rushe gidan gara tun bai yi tsayi ba. Tsiron bishiya kuwa, ko na mangwaro ne, sai ya tumɓuke shi, don saiwa ita ke buɗe wa ruwa hanya. Daga nan ya gangara gindin jingar, inda wani bututu ke fitar da ruwa siriri ba dare ba rana. Ya tara kwalba, ya ɗaga ta ga hasken rana. Tun ranar da aka binne bututun cikin tsakuwa injiniya ya ja masa kunne.

"Jingar ƙasa ba ta rasa tsattsafo. Ta nan take numfashi. Muddin yana zuba kuma garau yake, lafiya lau. Ran da ya yi laka ko ya ɗauke, kira ni ko ina kan tabarmar jinya."

To, wannan siririn ruwan ne ya zame masa ciwon zuciya.

Filin da ke ƙasan dam na ƙanensa ne, Auta. Da can fako ne, ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Ruwan bututu ya riƙa bi ta ciki, Auta ya ja masa 'yar kwata da fartanya, sai ga kabeji, sai ga latas, sai ga tumatir har yana karya sanda. Masu motoci suka soma tsayawa saro. Auta ya yi ɗaki, ya ƙara wani, ya kafa kwanon rufi mai ƙyalli wanda ke kashe wa Mai Dam ido duk safiya. Shi kuwa a kan tudu, ga ruwa fal a gabansa, amma ko barkono ya shuka a bayan ɗaki sai ya ƙone. Kai, abin da cin rai!

Wanda ya fi ci masa rai ma ba lambun ba ne. Inna ce, mahaifiyarsu. Da ƙarfinta ya ragu ya gyara mata ɗaki a tudu, ya shafe shi da farar ƙasa, matarsa ta ɗinka labule. Inna ta zo ta duba, ta sa albarka, sannan ta ce ita a wajen Auta za ta zauna, kuma a ɗakin ƙarshe, wanda ya fi kusa da gindin jingar. Mai Dam ya ƙyale ta. Amma ɗakin nan da ya gyara bai yarda an sa ko buhu a cikinsa ba.

Auta bai san ana yi ba, shi ya sa abin ya fi zafi. Duk mako sai ya hau tudu da kwando a ka, yana washe baki.

"Yaya, ga na miya."

"Ajiye can," in ji Mai Dam, ko kallo bai ishe shi ba.

Matarsa ta ce, "Haba, mutum ya kawo maka alheri kana haɗe rai kamar ya kawo sammaci?"

"Alherin me? Ruwana ne ya dawo mini a kwando."

"Ruwanka? Yaushe ka saya?"

Ranar da abin ya kai masa wuya ita ce ranar duba dam. Injiniya kan zo sau ɗaya a shekara, cikin rani, tare da mai gona. Mai Dam ya share saman jingar tas, ya sa wankakkiyar riga, ya bi su a baya yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Suka duba, suka gyaɗa kai, suka gangara. Suna ganin lambu suka manta da shi. Mai gona ya tsinki tumatir ya goge a hannun riga ya gatsa. Injiniya kuwa, maimakon ya juyo ga wanda ya tsufa yana ɗaga kwalba, sai ya dubi Auta.

"Kai da kake kusa da shi kullum, ruwan nan ya taɓa canza launi?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

Inna na zaune a bakin tagarta tana jin su, ta ce, "Ai yaron nan hannunsa da albarka."

Yaron nan! Mai Dam ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

Washegari da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, ya kwaɓa yumɓu, ya ɗauko wata tsohuwar rigarsa, ya gangara. Ya cusa rigar can cikin bututun da sanda, ya bi ta da yumɓu ya danna, ya mayar da tsakuwa a baki. Kada wani ya ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Ce wa kansa ya yi ruwan dam ya ja baya yanzu, ba abin da zai faru, kafin damina zai cire. So yake kawai Auta ya ɗanɗani ɗaukar ruwa a kafaɗa kamar kowa, a ga inda albarkar hannun take.

Da yamma Auta ya hau tudu a guje.

"Yaya, ruwan bututu ya ɗauke! Ko a kira injiniya?"

"Kai ne mai dam ko ni? Yoyo ya tsaya, ai abin murna ne."

Auta ya sunkuyar da kai ya koma. Daga ranar ya shiga jigilar ruwa da jarka daga wata rijiya mai nisa. Latas ya fara kwantawa, kabeji ya bi baya, motoci suka daina tsayawa. Mai Dam yana kallo daga sama, kuma gaskiya sai a faɗe ta: daɗi ya ji. Har abinci ya ƙara ci. Kwandon mako dai bai fasa zuwa ba, sai dai ya koma rabi.

Hadarin farko ya taso, Mai Dam ya ce gobe zai cire rigar. Ruwa ya sauka, ya ce bari ƙasa ta ɗan tsane. A gaskiya kunya ce ta riƙe shi, don in ruwan ya dawo rana ɗaya me zai ce wa Auta? Dam kuwa bai jira shi ba, ya cika har wuya. Ruwan da ya rasa hanyar fita ta ƙasa ya shiga neman wata ta jikin jingar.

Wata safiya ya ga ciyawa ta yi wani irin kore a tsakiyar gangaren, inda bai kamata ba. Ya taka wurin, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya ɗaga kai, sai ga tsagewa ta bi saman jingar, faɗinta ya isa a zura hannu, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta ta soma zamewa. Daidai saitin ɗakin Inna.

Ya yar da kwalbar ya gangara yana kururuwa, "Ku fito! Auta, kwashe yara, ku hau tudu!" Ya faɗa ɗakin Inna ba sallama, ya goya ta kamar jaririya, ya haura da ita yana haki. Yana sauke ta ya ruga wajen babban famfon da ake rage ruwan dam, ya kama sitiyarin ƙarfen ya murɗa har tafin hannunsa ya sale. Ruwa ya yi ta ambaliya ta mazubarsa wuni guda. Da ya waiga ƙasa ya hango Auta durƙushe a bakin bututun, shi kaɗai, yana zungura da rodi.

Jingar ba ta fashe ba. Amma ƙasar da ta zame ta danne bangon ɗakin Inna har taga, kuma sai da aka zubar da ruwan shekara kaf kafin a soma gyara. Injiniya ya zo ya tambayi abin da ya toshe bututun. Mai Dam ya buɗe baki, Auta ya riga shi.

"Laka ce, ranka ya daɗe. Na fitar da ita."

Haka Inna ta tare a ɗakin tudu, mai farar ƙasa da labule. Abin da ya daɗe yana so ya samu ke nan.

Bayan kwana biyu ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a bakin gado, da riga wankakkiya a ninke a cinyarta. Jar ƙasa ba ta gama fita daga jikin rigar ba. A kafaɗar akwai faci, ɗinkin hannun Inna, tun zamanin da kwando ke cinye masa riguna.

"Babba, ga rigarka. Auta ya tsinto maka."

Ya durƙusa.

"Ka san abin da ya sa na zaɓi ɗakin can? Daga tagarsa nake ganinka duk safiya a kan jinga, da sandarka da kwalbarka. Mutane suna ce mini, tsohuwa, ba kya tsoron kwana a ƙarƙashin ruwa? In ce musu ɗana ne ke tsaronsa."

Ta miƙa masa rigar, ya karɓa da hannu biyu.

"Na ce wa Auta in zai sake mini ɗaki, ya yi shi can ƙarshen lambu, a kan dutse."

Har yanzu Mai Dam na bin jingar kowace safiya, kuma ba a taɓa samun mai tsaro kamarsa ba. Lambun ya farfaɗo, kwandon mako ya koma cika. In ya kai tsakiyar jingar yakan tsaya ya dubi ƙasa. Sabon ɗakin Inna na can nesa, tagarsa na kallon hanya.