Hudar da Na Toshe da Ƙaro

Har yau in na ji inji ya tashi garau, ya ɗan yi gudu, sannan ya kama tari ya mutu, kakata ce ke faɗo min a rai. Bari in gaya maka dalili.

A zauren gidanmu na Tawa akwai injin markaɗe mai shan isansi, wato fetur, kuma nata ne. Kawuna ke tayar da shi, ita tana kan tabarma tana sallamar mata. Idonta ya riga ya yi rauni, amma kunnenta sai dai a ce masha Allah. Ko ƙuli-ƙuli ka gutsura a ɗaka, sai ta tambaye ka ina nata.

Daminar da aka haifi ƙanena, zauren ya soma yoyo daidai kan injin. Na hango wata 'yar huda a murfin tankin mai, na ce lalle ruwa zai shiga ta nan. Na tauna ƙaro na liƙe ta tsaf, ban gaya wa kowa ba, ina jin kaina babban mutum.

Kashegari, ran jajibirin sunan ƙanen nawa, aka jiƙa wake bokiti huɗu na ƙosai. Jiƙaƙƙen wake ba ya jira. In bai markaɗu ba zai yi tsami, ga dangi sun fara sauka daga Affala da Takanamat, kunya kuwa a kan kakata za ta sauka. Injin ya tashi, ya ci rabin bokiti, ya mutu. Kawu ya cire buji, wato fulogi, ya goge. Aka kira makaniken unguwa, ya kwance karbirato, ya wanke, ya hura ƙananan ramukansa da baki. Ya ce isansin kwalba ne ke da ruwa, aka juye, aka sayo wani, aka tace da ƙyalle. Duk da haka sai ya yi ɗan gudu ya mutu. La'asar ta yi, waken ya fara kumfa.

Sai kakata ta ce wa makaniken, "Dakata, ɗana. Wanga inji lahiya tai lau, numhwashi ya rasa."

"Inna, karbirato na, sai an sake shi."

"Duk sadda kunka buɗe murhin ga, ina jin shi shina zuƙar iska. Gwangwanin madara ma, in ba ka huda shi biyu ba, zuba shikai? Miƙo min."

Ta shafa murfin da ɗan yatsa, ta zaro allura daga ɗankwalinta ta tsokale ƙaron. Kawu ya ja igiya. Injin nan bai sake ko tari ba har waken ya ƙare, mata suna guɗa, makanike yana sosa ƙeya.

Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Da mutane suka watse ta kamo hannuna, ta sa min guntun ƙaron a tafi, ta ce, "Gobe in ka ga huda, tambayi mi ya sa anka yi ta." Na ji kunya har cikin ƙashina, amma alfahari da ita ya fi kunyar yawa.

Yanzu injinan unguwar duk na lantarki ne, zauren ya zama shago, ita kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni ne nake gyaran baburan 'yan kabu-kabu a bakin kasuwa. In mutum ya yaba aikina ya tambayi garejin da na koya, nakan gaya masa gaskiya: darasina na farko, wata tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe sifana ba ta ba ni shi.