Muryar Inna a Cikin Waya

Inna ba ta iya karatu ba, shi ya sa saƙon murya take aiko mini daga Gangara, ni ina aure a Agiye. Bayan rasuwarta, su nake saurare duk sa'ad da kewa ta taso mini.

Ran nan da damina ruwa ya kama mu a kan babur, wayar ta jiƙe ta mutu. Na kai wa mai gyara a bakin tasha. Ya buɗe ta, ya duba, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, kin kwafe saƙonnin a katin ajiya?"

Na ce ban san ana yi ba.

"Sai haƙuri. Nan gaba duk abin da kike ƙauna ki sa a kati, ki kuma tura wa wani naki."

Na bi 'yan'uwa ina cigiya. A wayar yayana aka samu guda ɗaya da na taɓa tura masa. Inna tana ba ni labarin akuyarta ta haihu, tana tambaya ko na ci abinci. Na zauna a ƙofar ɗakinsa ina kuka, shi kuma ya kau da kai yana share ido.