Taken Mahauta a Naɗin Dagaci

Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa kalangu a situdiyon ƙanin matata a Kazaure. Rana ɗaya ya sallame ni saboda wani ƙarfe mai fanka biyu.

Daga Kano ya kawo shi. Ya ce sunansa katin hoto, na masu wasan kwamfuta ne, amma idan an sa shi a cikin na'ura yana tsame kiɗa daga waƙa kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. A gabana ya gwada. Ya ɗauko wata tsohuwar waƙarmu, ya danna, fankar ta yi gurnani, muryar mawaƙin ta ɓace. Kalanguna ya rage shi kaɗai.

"Yaya, ka ji hannunka?" in ji shi, yana dariya. "Duk abin da ka taɓa kaɗawa yana nan ciki. Je ka huta, girma ya zo."

Na ce, "Hannun nawa ne."

Ya ce, "Na'urar tawa ce."

Ban yi boko ba, ban san inda ake kai irin wannan ƙara ba. Na rataya kalanguna na fita. Wata bakwai ina jin kiɗana a shagunan caji, ba a ambaci sunana ko sau ɗaya ba. Matata ta ce in yi haƙuri, jininta ne. Na daina zancen a gida.

Da za a naɗa wani dagaci a ƙasar Roni, ƙanin matata aka ba aikin waƙar. Ana saura kwana uku ya tare ni a bakin kasuwa, ya miƙo min waya, wai in ji abin da ya haɗa ba tare da ni ba. Na saurara. Kiɗan da ya liƙa ƙarƙashin kirarin dagacin na san shi sarai. Taken mahauta ne, wanda na taɓa kaɗa wa sarkin fawa a Babura. Kalangu magana yake yi, kowane gida da takensa. Shi zaƙin kawai ya ji.

"Yaya, ya ka ji?"

Na ce, "Ya yi daɗi." Ban yi ƙarya ba.

Ranar naɗin na hau babur na je, na tsaya a bayan rumfa. Aka kunna waƙar. Samari suka shiga rawa, tsofaffi kuwa suka fara kallon juna. Mahautan da aka ɗauko don yankan shanun biki suka ji takensu, suka fito da wuƙaƙe a sama suna juyi a gaban sabon rawani. Baffan dagacin ya miƙe ya ce, "Wa ya mayar da gidanmu na fawa? A kashe abin nan."

Ƙanin matata ya hango ni, ya iso yana gumi. "Yaya, ka sani ka yi shiru?"

Na ce, "Ai ka ce in huta."

Tun daga ranar babu gidan sarautar da ya sake ba shi aiki. Sau biyu ya turo yayarsa, wato matata, wai in zo in rarrabe masa kiɗan, in faɗa masa wane take na wane gida ne. Ban je ba.

Yanzu ina Babura. Ranar kasuwa ina kaɗa wa mahauta, suna kirana da sunana.