Tagar da Na Toshe wa Mai Jego

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin na yarda in rubuto muku wannan, don abin kunya ne a gare ni. A lokacin ni tela ne a Zangon Lome, na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, kuma tun tasowata mai yawan fargaba ne ni, sai in kulle ƙofa in dawo sau uku in duba. A lakwal aka koya mana cewa sauro ke kawo zazzaɓi, ga masu duba-gari na Faransawa kullum suna leƙa randunan mutane. Tsoron ya zauna mini a rai.

Da matata ta haifi 'yarmu ta fari da damina, sai na sa buhu na toshe tagar ɗakinta, guda ɗaya ce dama, na rataya bargo a ƙofa, don kada sauro ko iskar teku su shiga. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ni kuma na ƙara da hana ta zaman tsakar gida. Ta roƙe ni in ɗaga buhun ko kaɗan, na ce ta yi haƙuri, lafiyarsu nake nema.

Cikin mako uku, matar da ake jin dariyarta daga bakin titi ta daina magana. Kunun kanwa ya huce a gabanta, jaririya na kuka, ita tana kallon bango tana hawaye. Na karɓo rubutu wurin liman, ta sha, shiru. Sai wata tsohuwa 'yar unguwar Amutive mai kawo mana kifi ta leƙa ɗakin. Ta fito tana tambayata da Hausarta ta kasuwa ko gawa nake ajiya a ciki. Ta fizge buhun da hannunta, ta shimfiɗa wa matata tabarma a hantsi, ta ce kullum a yi haka.

Ba rana ɗaya matata ta dawo daidai ba. Sai da aka yi kusan mako biyu na ji tana yi wa 'yar wasa. Daga baya ta gaya mini cewa a cikin duhun nan akwai ranar da ta ji ba ta son 'yar, ba ta son ranta. Har yau maganar ba ta bar ni ba.

Na tsare jikinta, na manta zuciya ma tana bukatar haske. 'Yan'uwa maza, kada tsoro ya sa ku rufe mai jego a duhu. Wanda ya san yadda ake hana sauro shiga ba tare da an hana rana ba, don Allah ya rubuto, domin matata na da ciki kuma, damina ta kusa.