Abokin Hirar Kawu

Har yau idan na ji ƙamshin ayabar da ta nuna ta yi luguf, sai gabana ya faɗi. Jiya 'yata ta shigo da irinta daga kasuwa, tana tura mini waya a fuska, wai ga wani gwaggon biri da aka koya wa maganar hannu. "Mama, regarde, duba, magana fa yake yi!" Na ce ta kashe abin nan. Ta yi zaton faɗa nake ji, alhali kuka nake dannewa.

Bari in gaya muku dalili. Kawuna, ƙanin Inna, kurma ne kuma bebe. Wankin hula yake yi a zauren gidanmu na unguwar New Bell, gidan katako mai rufin kwano, wanda damina ke cika tsakar gidansa da ruwa har idon sawu. Maganar hannunsa shi ya ƙirƙiro abarsa, ba a makaranta ya koya ba. A gidan kaf ba wanda ya san fiye da 'yan alamomi, irin ta abinci da ta ruwa da ta sallah. In ya ja dogon zance, sai a gyaɗa masa kai a wuce. Kaka ce kaɗai ta iya da shi sosai, ita kuwa lokacin da na yi wayo idonta ya riga ya tafi.

Baba direban babbar motar katako ne, daga dazuzzukan gabas yake ɗauko itace zuwa tashar jiragen ruwa. Wata damina ya dawo da kwali a hannu, ciki ɗan gwaggon biri ne baƙi wuluk, bai fi jariri ba. Mafarauta sun harbe uwar, ya tarar ana ƙyafe namanta a bakin hanya, ɗan kuma yana ɗaure a gefe.

"Haba Malam!" in ji Inna. "Duk tsarabar duniya ka rasa ta kawowa sai wannan?"

Abin tausayi, ɗan birin ya ƙi ci ya ƙi sha, ya juya fuska bango. Kawu ne ya ajiye burushin wanki, ya naɗe shi a tsohuwar rigarsa, ya ɗaure a ƙirji kamar mai goyo. Da yatsa ya dinga lakato ayaba yana sa masa a baki har ya karɓa.

To, daga nan muka ga ikon Allah. Kafin wata daminar ta zagayo, birin nan ya iya haɗa yatsu a baki idan yana jin yunwa. Da an fara yayyafi sai ya kaɗa yatsu ƙasa, Kawu ya ruga ya kwashe hulunan da ya shanya. Idan ya dafa kansa da tafi, wato hula, Kawu yake kira. Bai tsaya nan ba, ya wuce mu nesa. Sukan zauna a zaure cikin ƙamshin sabulu da sitaci, hannuwa na ta kai da kawowa, Kawu na dariyar nan tasa mai sauti kamar tari. Ban taɓa jin ta ba sai lokacin. Akwai wata alama da suke yawan yi: Kawu ya dunƙule hannu ya murza a ƙirji, sannan ya buɗe tafin sama, birin kuma ya matso ya dafa masa kumatu. Mu yara kwaikwayo kawai muke yi muna sheƙa dariya, ba wanda ya tambayi ma'anarta.

Amma dabba ba ta zama jaririya har abada. Birin ya yi ƙarfi, ya ɓalle ƙofar zaure, ya firgita 'yar maƙwabta ta faɗa kwata ta karye a hannu. Maganar ta kai gun mai unguwa. Wata safiya ma'aikatan gandun daji suka zo da keji a bayan mota, suka ce za su kai shi inda ake kula da irinsa. Wataƙila gaskiyarsu ce. Sai dai wa zai faɗa wa Kawu? Ba mu da alamar "doka", ba mu da ta "inda za a kula da shi". Baba ya yi ta ɗaga hannu yana saukewa, ƙarshe ya sunkuyar da kai.

Wallahi ina ganin abin kamar yanzu. Mota ta tashi, birin ya zuro hannu ta tsakanin ƙarafa, yana dafa kansa yana yafitowa, yana dafa kansa yana yafitowa. Kawu ya bi su ba takalmi cikin taɓo, har layin dogo, nan ya faɗi.

Daga baya Baba ya ji labari cewa birin ya ƙi abinci a can, ya mutu. Mutuwa kam muna da alamarta, amma ba wanda ya iya yi wa Kawu ita. Shi kuwa Kawu ya ci gaba da sayen ayaba yana ajiyewa a tagar zaure, ta nuna ta ruɓe, ya sake sayo wata. Dogon zance kuma ya daina.

Lokacin ciwon ajalin Kawu na riga na girma, ina aikin ofis, ina jin Hausa da Faransanci da Fijin, wato buroka, har da ɗan Turanci. Da rana tsaka na shiga gaishe shi, ya kafe ni da ido, ya murza dunƙulen hannu a ƙirji, ya buɗe tafin sama. Na kawo ruwa, ya ture. Na kira Inna, ta miƙa masa carbi, ya girgiza kai. Ya sake yi, a hankali, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Muna tsaye a kansa muna kallo har hannun ya gaji ya sauka.

Yanzu an rushe gidan katakon, bene ne a wurin, zauren ya zama shagon sayar da waya. Yaranmu na ta mamakin biri ya koyi magana, ni kuwa mamakin ya daɗe da barina, sai baƙin ciki. Na tambayi malaman makarantar kurame alamar nan, sun ce ba tasu ba ce. Ciwo ne yake nufi, ko kaɗaici, ko ƙauna? Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Wanda ya san amsar sun fita da shi a keji ina yarinya.